Gwamnati ta riƙe alli, ta bar wa malamai mumbari

Shekara 19 ke nan ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren gwamnati. Ni Musulmi ne, na sauke Alƙur'ani a makarantar allo tun kafin in gama firamare, kuma har gobe ina koyar da 'ya'yana ƙawa'idi da Ahalari a gida. Na fara da wannan ne saboda na san dutsen da za a fara jifana da shi.

A zangon da ya wuce ina koya wa 'yan aji ɗaya yadda ruwan sama ke samuwa. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, don haka na ɗauko butar shayi da kurfoti daga gida, na hura gawayi a bakin ƙofar aji. Da ruwa ya tafasa sai na kara murfin tukunya mai sanyi a bakin butar. Tururi ya taru a jikin murfin, ya fara ɗiga. Yara suka taso daga ƙasa, don benci bai kai ga rabinsu ba, suna ta turereniya kowa na son ya taɓa ɗigon da yatsa. Ana cikin haka wani yaro ɗan shekara 13, ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ajin, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, an ce mana duk wanda ya ce rana ce ke ɗaga ruwa ya zama hadari ya yi shirka. Allah ne ke saukar da ruwa."

Aji ya yi tsit. Na ce masa gaskiya ne, Allah ke saukar da shi, wannan kuwa ita ce hanyar da Ya tsara, kamar yadda Shi ke ba da haihuwa amma ta hanyar uwa da uba. Na karanta masa ayar Suratur Rum da ke cewa Allah ne ke aiko iskoki su tayar da girgije. Ya gyaɗa kai. Ranar jarrabawa ya amsa komai, ya bar wannan tambaya ita kaɗai babu ko ɗigon biro. Na kira shi gefe na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Na san amsar, Malam. Tsoro nake ji."

Wannan magana ta hana ni barci. A 2009 Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya gaya wa BBC kusan abu ɗaya, cewa ruwan sama ba daga tururi yake ba, kuma duniya ba a mulmule take ba. Mun ga inda maganar ta kai mu. Ta kai mu Buni Yadi a Fabrairun 2014, inda aka yanka yara maza a ɗakunan kwanansu na kwalejin gwamnatin tarayya. Ta kai mu Chibok bayan wata biyu, 'yan mata 276. Ta kai mu Dapchi a 2018. Wanda ya tsoratar da ɗalibina ba ɗan Boko Haram ba ne, na tabbata. Matashi ne da ya fito daga irin makarantar da nake koyarwa, bai samu bokon kirki ba, bai zauna gaban malami ya ƙure littattafan fiƙihu ba, sai guntayen wa'azi na minti biyu a waya. Abin da ya ji shi ya ba yara, da zuciya ɗaya.

Haka tsattsauran ra'ayi ke shiga. In makaranta ta mutu, mai ɗaga murya ne ke gaje ta. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Waɗanda ke zuwan ma me suke tararwa? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi cikin kimanin 33,000. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 a rufe. Yaron da ya gama sakandare bai iya karanta shafi ɗaya ya fahimta ba, da me zai auna maganar wanda ya ce masa je ka kashe wane, ka shiga Aljanna?

Ina matashi aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma ban yi don riya ba. Mun gaji da zalunci, mun ɗauka adalcin Umar ne ya zo. Jihohi 11 suka bi sahu. A 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe a kan satar saniya. Yau shekara sama da 25, a nuna mini kwamishina ɗaya ko shugaban ƙaramar hukuma ɗaya da aka yanke wa ko farce a kan kuɗin ginin aji. A wannan garin na Jangebe ne 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu ta kwana a 2021. Shari'ar Allah ba ta gaza ba. 'Yan siyasa ne suka gano cewa rawani da gina masallaci a bakin titi sun fi arha a kan biyan malamin makaranta, kuma sun fi kawo ƙuri'a.

Har yanzu wannan cinikin ake yi da mu. A 2024 gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji. Duk ɗan Islamiyya ya san Hajji ba ya wajaba sai ga mai iko. Neman ilimi kuwa farilla ne a kan kowa, mai iko da marar iko. Aka ɗauki kuɗin kowa aka tallafa wa wanda Allah bai ɗora wa ba, aka bar wanda aka ɗora wa yana zaune a kan siminti. A 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu saboda azumi. Mu da muka fi kowa zama a baya, mu ne muka fi kowa hutu. Yaran da aka sallama ba i'itikafi suka shiga ba. Na gansu da idona suna tallan ƙanƙara da ɗanwake a rana.

Shi ya sa nake kira a raba gwamnati da addini. Na san yadda kalmar ke yi wa mutanenmu zafi a kunne, don an fassara mana ita da ƙin Allah. Ni ga abin da nake nufi. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi. A yi aiki da su biyun da gaske, shi ke nan. Ba irin na Faransa nake so ba, inda ake cire wa yarinya ɗankwali a ƙofar makaranta. Wannan zalunci ne kuma ina ƙinsa. Ku tuna ma, lokacin da aka hana ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, wannan 'yancin na tsarin mulki ne ya tsaya musu har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 2022. Kotunan aure da gado su ci gaba da aikinsu ga Musulmin da ya kai kansa. Amma baitulmali, da manhajar kimiyya, da kalandar makaranta, da hukuncin wanda ya zubar da jini, waɗannan na kowa ne, kada a miƙa su ga wanda ya fi yawan mabiya.

Ku dubi Senegal. Musulmi sun haura kashi 90 cikin 100, Tijjanawa da Muridawa sun cika ƙasar, amma tsarin mulkinsu ya raba hukuma da addini, kuma Kirista, Senghor, ya mulke su daga 1960 zuwa 1980. Musuluncinsu bai ragu da ƙwayar zarra ba. Kaulaha na nan, mutanenmu na zuwa ziyara duk shekara.

Kuma in gwamna zai riƙe addini, na wa zai riƙe? Na ɗan Izala ko na ɗan ɗariƙa? Yau naka ne a kan kujera kana murna, gobe na wancan ne, masallacinka za a fara rufewa. Masu cewa suna kare addini da makami, mu suka fi kashewa. Malam Ja'afar yana limancin Asuba aka harbe shi a Ɗorayi a 2007. Malam Albani na Zariya, shi da matarsa da ɗansa, a 2014. A Nuwamban shekarar aka tayar da bam a babban masallacin Kano ranar Juma'a. A 2022 aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato, ba alƙali ba shaida, kuma abin da ya fi ci mini rai, a kwalejin horar da malamai aka yi, a hannun waɗanda gobe za mu danƙa wa 'ya'yanmu. Bayan shekara guda, a garin dai, aka jefe Usman Buda, mahauci, Musulmi. Taron da ya saba yanke hukunci da dutse ba ya tsayawa tambayar kalmar shahada.

Wannan tsoron tambaya baƙo ne a wurinmu. Nana Asma'u ta tura jajis, wato mata masu koyarwa, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ta hanyar 'yan taru. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu a kan lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, amma ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu fakewa da rawani su danne talaka, yana cewa a kai 'ya'ya mata makaranta. Daga wannan gida muka fito, yanzu ga jikansu yana tsoron rubuta cewa ruwa na zama tururi.

Na je har gida na sami mahaifin yaron, dattijo mai sayar da hatsi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, ni ban yi boko ba, amma na san in na shanya wanki da rana yana bushewa. Ka koya masa." Ranar Litinin zan sake ɗaukar butar da kurfotin, wannan karon yaron zan ba ya riƙe murfin. Su 112 ne a ajin, kuma rufin kwanon da iska ta yaye tun damunar bara har yau ba a mayar ba.