Tutar jihohin Kudu na ƙasar Amurka: a duba shekarun da aka ɗaga ta

Duk mai bin labaran Amurka ya taɓa ganinta, ko da bai san sunanta ba: jan ƙyalle da shuɗin gicciye a karkace, irin alamar da malami ke danna wa amsar da ba daidai ba, ga fararen taurari 13 a jere cikin gicciyen. Ana manna ta a bayan a-kori-kura, ana ɗinka ta a hula, wasu har zana ta suke yi a damtse. Ita ce tutar Confederate, wato ta jihohin Kudu 11 da suka ɓalle daga Amurka suka ja yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Sama da shekara 150 ke nan da kwance ɗamara, amma har yau Amurkawa ba su gama faɗa a kanta ba.

Masu ƙaunarta cewa suke gadon kakanni ce, babu ruwanta da ƙiyayya. Masu ƙinta kuma suka ce alamar bauta ce da wariyar launin fata. Ni dai ina ɓangare na biyu, amma bari in ba na farkon haƙƙinsu tukuna, don suna da abin faɗa.

Yaƙin nan ya ci mutum fiye da dubu 600. Yawancin sojojin Kudu talakawan manoma ne da ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. Daga 1862 ma dole aka riƙa sa su shiga soja, sannan aka yi dokar da ta ɗauke wa mai gandu da bayi 20 nauyin fita fage, har talakawan da kansu suka riƙa cewa yaƙin masu kuɗi ne, mutuwar kuwa tasu ce. To jikan jikan irin wannan manomi, in ya je maƙabarta ya kafa 'yar ƙaramar tuta a kan kabarin kakansa, wallahi ba ni da ta cewa. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, kuma ba aikina ba ne in tona.

Inda muka rabu shi ne da aka ce wai ba don bauta aka yi yaƙin ba, don 'yancin jihohi ne. Jama'a, waɗanda suka ɓalle ɗin ba su bar mana wurin hasashe ba, da hannunsu suka rubuta dalilinsu. Takardar ɓallewar Misisipi ta Janairun 1861 ta faɗa ƙarara cewa matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Karolina ta Kudu, wadda ta fara ficewa a Disambar 1860, kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar mata da bayin da suka tsere. Ka ji fa, mai rajin 'yancin jihohi yana fushi don wasu jihohi sun yi amfani da nasu 'yancin. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya tsaya a garin Savannah a Maris 1861 ya ce ginshiƙin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ita ce matsayin da ya dace da shi. Tsarin mulkinsu ma ya haramta yin duk wata doka da za ta taɓa mallakar bayi. A lokacin mutum kusan miliyan 4 ne ke cikin ƙangi, galibi a gandayen auduga.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba na lokacin yaƙin ba ne, na bayansa ne. Da farko dai, wannan tutar da ake yawo da ita ba ita ce tutar ƙasarsu ba. Tutar fagen daga ce ta rundunar Janar Robert E. Lee, an ƙirƙiro ta ne saboda ta ainihin ta yi kama da ta Amurka, sojoji na rikicewa cikin hayaƙin bindiga. Da Lee ya miƙa wuya a Afrilun 1865, aka naɗe ta. Shi kansa Lee, da aka gayyace shi taron kafa alamomin tunawa a Gettysburg, ɗaya daga cikin manyan fagagen yaƙin, a 1869, ƙin zuwa ya yi, ya ce gara a bar miki ya warke.

To yaushe ta dawo kan gine-ginen gwamnati? A nan nake son a bi shekarun a hankali. Misisipi ta sa ta cikin tutar jiha a 1894, shekara 4 bayan ta rubuta tsarin mulkin da ya hana baƙaƙen fata zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu. A 1948 'yan siyasar Kudu suka fice daga jam'iyyar Dimokurat don Shugaba Truman ya fara zancen haƙƙin baƙaƙe, suka tsayar da Strom Thurmond takarar shugaban ƙasa, kuma wannan tutar suka riƙa kaɗawa a gangaminsu. A 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Shekara 2 kacal bayan nan Jojiya ta sake tutarta, ta ba wannan gicciyen kashi biyu cikin uku na ƙyallen. Karolina ta Kudu ta ɗora ta a ƙololuwar ginin majalisarta a 1961, wai don cikar yaƙin shekara 100. Biki ya watse, tuta ta ƙi sauka, sai a 2000 aka sauko da ita harabar. A 1963 Gwamna George Wallace na Alabama, mutumin da ya yi rantsuwar wariya har abada, ya ɗaga ta a saman majalisar jiharsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da baƙar fata ya matsa kusa da akwatin zaɓe ko ƙofar aji, sai a tuna da kakanni. In tunawa da matattu ce kawai, me ya sa sai a waɗannan shekarun ƙaunar ke motsawa?

Sai kuma Charleston, birni a Karolina ta Kudu. Daren 17 ga Yuni 2015, wani saurayi farar fata, Dylann Roof, ya shiga cocin Emanuel na baƙaƙen fata, ya zauna cikin masu nazarin Baibul kusan awa guda, suka karɓe shi hannu bibbiyu, sannan ya zaro bindiga ya kashe mutum 9, har da limamin cocin, Clementa Pinckney, wanda sanata ne a majalisar jihar. Daga baya hotunansa suka fito yana riƙe da wannan tuta. Aka sassauto da tutar Amurka da ta jiha zuwa rabin sanda don makoki, ita kuwa ta harabar majalisa tana can sama abinta, don doka ta ce sai majalisa ce za ta taɓa ta. Kwana 10 bayan kisan wata baƙar fata, Bree Newsome, ta zo da sassafe da hular kwano da igiyar hawa, ta haye sandar, ta kwance tutar, ta sauko 'yan sanda suka sa mata ankwa. Ba a jima ba aka mayar da tutar. Sai ranar 10 ga Yuli, bayan majalisa ta jefa ƙuri'a Gwamna Nikki Haley ta sa hannu, aka sauke ta aka kai gidan adana kayan tarihi. Sai da aka zubar da jinin mutum 9 a wurin ibada kafin a yi abin da ba ya buƙatar komai sai kwance igiya.

Matsayina ke nan, kuma ba mai wuya ba ne. Mutum ya rataya ta a falonsa ko a motarsa, dokar Amurka ta ba shi dama, sauran mutane su ma suna da damar yi masa kallon da suka ga ya dace. Ginin gwamnati daban. Kusan kashi 38 cikin 100 na mutanen Misisipi baƙaƙen fata ne, ba jihar da ta kai ta. Har zuwa 2020, da harajinsu ake sayen ƙyallen, a ƙarƙashinsa ake musu shari'a, 'ya'yansu na wucewa ta gindinsa kowace safiya su shiga makaranta. Su ma 'yan Kudu ne, kakanninsu ne suka noma audugar. In gado ake magana, nasu gadon fa?

Baƙaƙen fata kusan dubu 180 ne suka sa kakin sojan Arewa suka yaƙi wannan tuta, kuma cikinsu har da ɗan ƙasarmu. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno. Ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a 1863. Kafin wani ya fara tinƙaho dai, a tuna ba Ba'amurke ne ya bautar da shi ba. A nan yankinmu mahara suka kama shi yana yaro, aka tsallaka Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha. Mu ma muna da namu tarihin rinji da kasuwar bayi da ba mu cika son a taɓo ba.

A 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya danne wa wuya har ya mutu, abubuwa suka yi sauri. Hukumar tseren motoci ta NASCAR, wadda filayenta suka daɗe da zama matattarar wannan tuta, ta haramta ta a watan Yuni. Kafin watan ya ƙare Misisipi ta yi ritayar tutarta bayan shekara 126, a Nuwamba kuma jama'a suka zaɓi sabuwa mai furen magnoliya. Wata 2 bayan haka, ranar 6 ga Janairun 2021, wani daga cikin masu kutsen majalisar dokokin Amurka ya shiga da ita har cikin ginin yana saɓe da ita a kafaɗa, wurin da sojojin Lee ba su taɓa takawa ba duk tsawon yaƙin. Alabama da Misisipi kuwa har yanzu rana ɗaya suke hutun tunawa da Martin Luther King da na Robert E. Lee, Litinin ta uku a watan Janairu.