Allurar huhun bakwaini ba ta kemis ba ce

Tun da labarin allurar dexamethasone, wadda ake yi wa mai ciki don huhun bakwaini ya yi ƙwari kafin haihuwa, ya bazu tsakanin mata masu zuwa awo a Katsina, wasu suka fara cewa a yi wa duk mai cikin da ta ji ciwon mara, ko a kemis ko a ɗakin shan magani na ƙauye, tunda ba ta da tsada. Wannan ganganci ne da rayuka biyu.

Allurar tana aiki, babu musu. Huhun bakwaini ba ya samar da isasshen maiƙon da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa, shi ya sa za ka ga jariri yana nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ana yi wa uwa miligiram 6 a tsoka duk bayan awa 12, sau huɗu, tsakanin mako 24 da 34, idan ana sa ran haihuwa cikin kwana 7. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari.

Amma a asibitoci aka yi shi, masu hoton ciki da iskar oksijin. Wani binciken na 2015, da aka ba da allurar a ƙananan cibiyoyi bisa kintace, ya ga mutuwar jarirai ta ƙaru, tare da ciwon ƙwayoyin cuta a jikin iyaye mata. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zargi shi ne kuskuren lissafin ciki. Mace ta ce rabonta da al'ada tun azumi, ma'aikaciya ta ɗora tef a ciki ta ƙiyasta, sai a yi wa cikin da ya kusa cika allurar da ba ya buƙata. Idan kuma faya ta fashe, ruwan na wari, ga zazzaɓi, allurar rura wuta za ta yi. Mai ciwon sukari ma sai an sa ido, domin sukarinta zai hau.

Masu cewa "da babu gara ba daɗi" ba su taɓa tsayawa kan jaririn da numfashi ya gagara ba.

A kai na'urar hoton ciki asibitocin ƙananan hukumomi, a ɗauki kowace mai ciki hoto kafin mako 24. Wadda naƙuda ta taso mata da wuri a Mashi ko Mai'aduwa, a samar mata motar da za ta kai ta Daura ko Katsina tun jaririn yana ciki.