Gashin Labradoodle ba na malalaci ba ne

Tun da wani mai kiwon karnuka, Wally Conron, ya haɗa jinsin karnukan Labrador da Poodle ya samar da Labradoodle a Ostiraliya a 1989, 'yan gayun Amurka da Ingila suka mayar da wannan kare abin ƙawa. Mai sayarwa ya ce ba ya zubar da gashi, shi ke nan an saya. To, mataccen gashin ina zai je? Maƙalewa yake, ya dunƙule a bayan kunne da hammata. Sai a goga buroshi sama-sama, a yi wanka, ruwa ya ƙara ɗaure ƙullin. Tajewa ake har fata kusan kullum, aski duk mako 6 zuwa 8. In an share wata huɗu ba tajewa ba aski, mai aski ya yi masa ƙwal-kwabo dole, a zo ana masifa wai ya ɓata kare!