Latin ɗin lauyoyinmu ba balaga ba ce

Tun da shari'ar masarautar Kano ta kunno kai a 2024, kunnuwanmu ba su huta da jin "status quo ante" ba, kalaman Latin masu nufin a koma yadda ake a da. Kotu ta ba da umarni, lauyoyin ɓangarorin biyu su fito gaban 'yan jarida, kowa ya ce shi ya yi nasara. Washegari a gayyato masani gidan rediyo ya warware mana, sai ya ƙaro "sub judice" (magana tana gaban kotu) da "ab initio" (tun daga farko) a cikin shirin Hausa, mai gabatarwa yana ta "ƙwarai kuwa, Barista", alhali shi ma bai gane ba. Yanzu har yaran da ke gasar muhawara a sakandare sun ɗauka.

Abin haushin shi ne masu wannan ɗabi'a gani suke yi gadon Cicero, shahararren lauya kuma gwanin jawabi na tsohuwar daular Rum, suka ci. Ina fa! Lokacin da Cicero ya tsaya a majalisar dattawan Rum a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa yana ragargazar Catilina, wanda ya zarga da ƙulla makircin kifar da gwamnati, ba aron baƙin harshe ya yi ba. Da Latin, harshen da ake ciniki da shi a kasuwar garin, ya yi magana. Da tambaya ya buɗe, yana neman sanin har yaushe mutumin zai ci gaba da gwada haƙurinsu, kuma ba wanda ya nemi tafinta. Girkanci ne harshen 'yan boko a zamaninsa, ya kuma iya shi sosai, amma a wasiƙunsa ga abokai yake baje shi.

Malaman balaga na Rum sun ɗora wa mai jawabi nauyi uku: docere, delectare, movere, wato ya fahimtar, ya ƙayatar, ya motsa zukata. Fahimtarwa ce kan gaba. Namu kuwa sun haddace kalmomi goma sun tsallake darasin.

Za su ce wai kalmomin shari'a ba sa fassaruwa, wanda hujjar malalaci ce. Ingila da muka gaji tsarin kotu daga wurinta ta rage Latin a ƙa'idojin shari'o'in da ba na aikata laifi ba tun 1999, kuma kotunanta ba su rushe ba. Alƙalanmu na kotunan Musulunci kullum suna mayar da kalmomin fiƙihu masu wuya Hausa a gaban masu ƙara.

Gidajen rediyo ne ya kamata su fara. Duk baƙon da ya jefo Latin, a tsayar da shi nan take ya faɗa da Hausa. Idan ya kasa, a karɓi makirfon a ba wani.