Halittun ƙasan teku ba dodanni ba ne, yunwa ce ta ba su wannan fuskar

A farkon shekarar 2025 wani bidiyo ya karaɗe intanet, inda aka ga wani baƙin kifi mai wawakeken baki da haƙora cako-cako yana iyo zuwa saman ruwa kusa da tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Mutane da yawa sun yi ta yaɗa shi suna neman tsari, wasu ma suka ce sun yi sallama da shiga ruwa. Abin da mafi yawan masu yaɗawar ba su faɗa ba shi ne tsawon kifin bai wuce kimanin santimita 6 ba, wato tarwaɗar da ake sayarwa a kasuwa a yi miya da ita ta ninka shi girma sau da yawa. Bai daɗe a saman ruwan ba ya mutu. Ra'ayina shi ne tsoron da muke yi wa halittun ƙasan teku, kyamara ce take ƙulla mafi yawansa, kuma wanda ya san halin da suke rayuwa a ciki zai daina ganin mugunta a fuskokinsu, ya fara ganin tsananin yunwa.

Hasken rana yana raunana sosai daga zurfin mita 200, kuma idan aka kai mita 1,000 ba ya isa ko kaɗan. Inda babu haske tsiro ba ya fitowa, saboda haka kusan duk abincin da ke can daga sama yake gangarowa: ɓurɓushin matattun halittu da kashinsu, waɗanda suke sauka sannu a hankali, kuma kaɗan ne daga ciki yake kaiwa ƙasa ba a cinye shi a hanya ba. Kifin da ke irin wannan wuri zai iya daɗewa bai gamu da abin da zai ci ba, don haka ranar da ya gamu da shi, ba shi da damar ya bari ya kuɓuce masa. Dalilin dogayen haƙoran ke nan, da bakin da ya fi ƙarfin jiki, da cikin da yake buɗewa kamar ba shi da iyaka. Akwai wani baƙin kifi da tsawonsa bai cika wuce santimita 25 ba, amma yana haɗiye kifin da ya ninka shi tsawo, har wani lokaci abin da ya haɗiye ya fara ruɓewa a cikinsa kafin ya narke, iska ta kumbura shi ta taso da gawarsa saman ruwa. Masu bincike sun sha samun irinsa ta wannan hanyar. Ban ga abin tsoro a nan ba, na ga halittar da yunwa ta hana ta zaɓen loma daidai bakinta.

Shi kansa kifin na Tenerife yana cikin dangin da za a iya kira masu fatsa, domin macen tana da wani siririn tsinke a goshi wanda ƙarshensa yake haske. Ƙananan bakteriya ne suke zaune a wurin suna samar da hasken, ita kuma ta tsaya cik a cikin duhu ba ta ɓata ƙarfinta wajen farauta, sai ƙaramin kifi ya biyo hasken ya kawo kansa bakinta. A wasu nau'o'in wannan dangi, namijin ɗan mitsitsi ne, kuma idan ya dace ya sami mace a cikin wannan makeken duhu sai ya cije jikinta ya ƙi saki, har fatarsu da jijiyoyin jininsu su haɗe, idanunsa su lalace, ya koma yana rayuwa da jininta, aikinsa kawai ya ba da maniyyi lokacin da za ta saki ƙwai. Na san masu barkwanci suna da abin cewa game da irin wannan miji, amma hikimar a fili take: a wurin da haɗuwar jinsi biyu take da wuya haka, rabuwa bayan an haɗu asara ce babba. Haske kuwa ba nasu ne su kaɗai ba, domin wani nazari da aka yi a gaɓar Kalifoniya a 2017 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na halittun da aka gani a cikin ruwan suna iya samar da haskensu.

Zaluncin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda aka yi wa kifin nan da ake kira bulobfish. Hotonsa da kowa ya sani, mai saɓulallen jiki da lanƙwasasshen hanci, an ɗauke shi ne a 2003 bayan an jawo shi da taru daga ƙasan teku a yankin Ostireliya da New Zealand, kuma a 2013 aka zaɓe shi a matsayin dabbar da ta fi kowace muni a duniya. Amma a mazauninsa, tsakanin mita 600 zuwa 1,200, kifi ne mai kamannin kifi. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma jikinsa mai taushi wannan matsin ne yake riƙe da shi. Da aka fizgo shi sama cikin gaggawa sai naman ya saki ya lalace. Gawar da muka ɓata da hannunmu muka ɗauka a hoto muna yi wa dariya.

Wani abin lura kuma shi ne idan aka ci gaba da nutsawa, haƙoran raguwa suke yi. Kifin da aka taɓa ɗauka a bidiyo a wuri mafi zurfi, mita 8,336 a wani kwazazzabon teku da ke kudu da Japan a 2022, ɗan ƙaramin kifi ne fari-fari mai laushin jiki, babu ƙaya babu fiƙa, yana kaɗa jela a natse a inda ruwa yake danna fiye da kilo 800 a kan wurin da bai fi faɗin farce ba.

Ba na musun cewa akwai manya. Ƙaton sikwid, halittar nan mai hannuwa takwas da wasu dogaye biyu na cafke abinci, yana kaiwa kimanin mita 12, kuma idonsa yana cikin mafi girma a duk dabbobin duniya. Sai dai duk girman nan nasa, ba a sami hotonsa da rai a mazauninsa ba sai a 2004, lokacin da masanin Japan Tsunemi Kubodera da abokin aikinsa suka yi nasara, bidiyo kuwa sai a 2012. Dabbar da aka yi shekara da shekaru ana nemanta da jiragen ruwa da na'urori ba a gan ta ba, ba ita ce za ta tare ɗan Adam a hanya ba.

Abin da ya kamata ya dame mu yana tsakanin Hawai da Meziko, a wani fili na ƙasan tekun Fasifik mai zurfin fiye da mita 4,000, inda duwatsu 'yan dunƙule-dunƙule masu ɗauke da ma'adinan manganis da nikel da kobalt suke shimfiɗe. Kamfanoni suna son kwashe su saboda batura. Duwatsun nan milimita kaɗan suke ƙaruwa a cikin shekara miliyan, kuma a kansu halittu da dama suke maƙalewa su rayu. Wani ƙiyasi na 2023 ya nuna akwai nau'o'in halittu fiye da 5,000 a wurin, kusan kashi 90 cikin ɗari ko suna ba a raɗa musu ba. A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a ƙasan teku kusa da Peru don gwada abin da haƙar irin waɗannan duwatsu za ta yi wa wurin, da aka koma bayan shekara 26 sai aka tarar da sawun garmar yana nan raɗau, halittun wurin ba su gama farfaɗowa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ce arzikin ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa gadon dukan 'yan Adam ne, har da ƙasashen da ba su da gaɓar teku irin su Nijar, kuma hukumar da ke kula da shi tana birnin Kingston na Jamaika, Najeriya na cikin mambobinta. Tunda muna da haƙƙi a ciki, ina goyon bayan ƙasashen da suke kira a dakatar da haƙar har sai masu bincike sun gama tantance abin da ke zaune a kan duwatsun.