Doguwar Hasumiyar Haikalin Tamil Ƙofa Ce

Yana damuna yadda mutane da yawa, in suka ga hotunan haikalan Hindu na Tamil Nadu a kudancin Indiya, suke ɗauka doguwar hasumiyar nan mai launuka ita ce ɗakin bauta. Ba laifinsu ba ne, ita ido ke fara gani. Amma sunanta gopuram, kuma ƙofar shiga ce. Abin bautar yana can tsakiya, cikin ɗan ɗaki mai duhu da ake kira karuvarai, wanda limaman haikalin kaɗai ke shiga. Sarakunan da suka zo daga baya ba su cika taɓa wannan tsohon ɗaki mai tsarki ba, sai su ƙara katanga da manyan ƙofofi daga waje. Haikalin abar bautar da ake kira Minakshi, da ke birnin Madurai, yana da hasumiya 14, ta kudu ta haura mita 50, amma ɗakin Minakshi ƙarami ne.