Bormi na bayan gidanmu, amma 'ya'yanmu ba su san ta ba

Jama'a, assalamu alaikum. Yau zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni, domin abin ya kwana biyu yana cina a rai.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Funakaye, ba nisa da Bajoga. Tun ina yaro nake jin sunan Bormi a bakin manya, amma kamar yadda ake faɗin sunan kowace gona. Wane ya tafi yankan ciyawa wajen Bormi, shanu sun bi ta Bormi, shi ke nan. Na yi karatu, na zama malamin makaranta, na haura shekara arba'in a duniya, ƙafata ba ta taɓa taka wurin da niyyar ziyara ba sai daminar da ta wuce. Kuma ba ni na tayar da maganar ba. Ɗana ne, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya dawo da aikin gida a kan zuwan Turawa, ya ce da ni, "Baba, Bormi ɗin nan a Sakkwato take?" Yaron da gonar kakansa ba ta da nisa da wurin. Kunya ta rufe ni, don na san laifin ba nasa ba ne.

Ga wanda bai san labarin ba, bari in warware. Turawan Ingila ƙarƙashin Gwamna Lugga sun ci Kano a farkon Fabrairun 1903, suka wuce Sakkwato, ta faɗa hannunsu ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi na lokacin shi ne Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Atiku, ɗan Shehu Usmanu, kuma 'yan watanni kawai ya yi a kan mulki. Ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Turawa suka naɗa wani Attahirun, na biyu, suna ganin magana ta ƙare. Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne talakawa. Duk inda ya ratsa sai mutane su bar gonaki a bakin damina su bi shi, malamai da almajirai, mata da goyo, masu sarauta da bayinsu. Da ma akwai tsohon zance a ƙasar nan cewa wata rana jama'ar Shehu za ta yi hijira gabas, sai mutane suka ga ranar ce ta zo.

To me ya kai shi Bormi? Gari ne mai ganuwa kusa da kogin Gongola, wanda Malam Jibrilla Gaini ya mayar sansaninsa tare da mutanensa masu jiran Mahadi. Sun gagari Gombe shekara da shekaru, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a yaƙi da su a 1888. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lokoja, amma jama'arsa suna nan. Ku dubi ikon Allah. Garin da ya yi wa daular Sakkwato tawaye, shi ne ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa a lokacin da tsoron Bature ya sa garuruwa da yawa suna ɗari-ɗari da shi. Ni wannan kaɗai ya isa a tsayar da ɗalibi a wurin a gaya masa.

Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya kawo hari, mutanen Bormi suka kore shi, ya janye zuwa Bauchi da masu rauni. Turawa suka sake shiri. Ranar 27 ga Yuli 1903 Manjo Marsh ya zo da runduna mafi girma, da igwa da bindiga mai jigida, mutanen cikin gari kuwa galibinsu baka da kibiya, da mashi, da takobi. Aka wuni ana gwabzawa. Marsh kansa kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Kafin rana ta faɗi Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama tare da mutum sama da 600, cikinsu har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Aka ƙone garin ƙurmus. Ɗan Sarki, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kuma zuriyarsu na can har gobe. Wato a can Sudan akwai mutanen da asalin zamansu ya faro daga wannan fili, mu kuma da ke maƙwabtaka da shi muna wucewa a kan babur ko waiwaye ba ma yi.

Ranar da muka je, an kwana ana ruwa. Na goya yaron a babur daga Bajoga, laka ta hana mu ƙarasawa, muka jingine shi a gindin wata bishiya muka taka da ƙafa. Gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Wallahi in ba an gaya maka ba, babu abin da zai nuna maka cewa a nan aka yi gari mai ganuwa da masallaci da kasuwa. Muka tarar da wani dattijo yana noma, na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ɗago ya dube mu ya ce, "Yawwa Malam, sannunku. Wajen Sarkin Musulmi za ku?" Bai jira amsa ba, ya saɓa fartanyarsa ya shige gaba.

Da muka isa kabarin sai ya tuɓe takalmansa, muka tuɓe namu. Muka yi sallama ga mazauna wurin, muka yi musu addu'a. Ban taɓa jin shiru irin na wannan wuri ba, sai kukan kurciya da iska a cikin ganyen gero. Ɗana da ba ya iya minti biyu bai yi magana ba, ya tsaya ƙyam, hannu a ƙirji. Daga nan dattijon ya kai mu kabarin Marsh, wanda shi ma yana nan a filin. Sai yaron ya ce, "Kaka, to sauran mutum ɗari shidan fa, ina kaburburansu?" Tsohon ya miƙa hannu ya zagaya da shi kan gonakin nan gaba ɗaya, ya ce, "Duk nan su ne, jikana."

Ya nuna mana wani ɗan tudu mai tsawo da ciyawa ta rufe, ya ce ragowar ganuwa ce. Ya ce sau da yawa garma kan tono musu tsatsattsen bakin kibiya ko fasasshiyar tukunya. Ɗana ya tsinci wani guntun kasko mai zane a bakinsa, ya goge shi da rigarsa zai sa a aljihu. Dattijon ya riƙe masa hannu a hankali ya ce, "Mayar da shi inda ka gan shi, na masu wurin ne." Wannan tsoho bai yi boko ba, babu mai biyansa ko sisi, amma abin da ya koya wa ɗana a wannan minti ɗaya ban koya masa ba a shekara goma sha uku.

Akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun daga ranar. Bature ɗaya da ya mutu, an san sunansa, an san muƙaminsa, an san inda yake kwance. Namu ɗaruruwa, in ka cire 'yan ƙalilan, ko sunayensu ba mu riƙe ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu, sojojin da suka harba bindigogin nan, in ban da hafsoshinsu, baƙaƙen fata ne irinmu, da yawansu Hausawa da Yarbawa da suka shiga aikin soja. Su ma waɗanda suka faɗi a cikinsu babu mai ambatonsu. Duk wanda zai kai yara Bormi ya gaya musu wannan ma, ko da ba daɗin ji.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a majalisa. Na farko, wai zuwa kaburbura ƙofar bidi'a ce. Ni ma ba na goyon bayan mai zuwa ya roƙi mamaci ko ya ɗebo ƙasar kabari ya kai gida. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyartar kaburbura domin tana tuna Lahira. Sallama, addu'a, a ji tarihi, a juyo. Abin da muka yi ke nan, kuma in malamai suka raka yara su ne ma za su tsare iyakar.

Na biyu, wai tono tsohon miki ne, za a ce waɗanda suka tafi su ne jarumai, waɗanda suka zauna kuma sun ba da kai. Ba haka nake kallon abin ba. Waziri Buhari ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu da Turawa domin kada jama'ar da ba ta iya tafiya ta rasa mai tsaya mata, kuma malaman lokacin sun yi muhawara mai zurfi a kan hijira da zama, kowane ɓangare da hujjarsa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya ɗaukar wannan. Mu ne muke raina hankalinsu, muna ba su tarihi kamar tatsuniyar gizo da ƙoƙi.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi: ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutane na fama da tsadar taki da kuɗin makaranta. Gaskiya ne, ni ma albashi nake jira. Amma ai muna haɗa kuɗi mu ɗauki hayar bas mu kai amarya har Kano. Makarantunmu na kai ɗalibai Yankari, da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da kamfanin siminti na Ashaka, kuma duk suna da kyau. Ashaka da Bormi ƙaramar hukuma ɗaya suke. Motar da ta kai yara ganin yadda ake ƙona dutse ya zama siminti, me zai hana ta ɗan karkata da su?

Ni ba otal nake nema a gina a wurin ba, ba kuma na so ya koma dandalin ɗaukar hoto da kiɗa. Maƙabarta ce kafin komai. Inuwa, ruwan alwala, hanyar da ba ta yankewa da damina, allo da aka rubuta labarin da Hausa da Fulatanci da ajami yadda manomin da ke gefen wurin zai iya karantawa, da ɗan abin hasafi ga dattawan da ke tsaron wurin don Allah. Wanda ya je kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ya san cewa in mun ga dama mun iya kula da wuri.

Kuma ba Bormi kaɗai ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka je Gombe Abba, a ƙasar Dukku, inda Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar kuma inda kabarinsa yake? Da yawa daga matasanmu sun ɗauka Gombe tun asali a nan take inda take yau, ba su san sai da hedikwata ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919 ba. A ƙauyenmu ma akwai ragowar ganuwa da na taso na gani, ta fi tsayin mutum. Yau babu ita, an haƙe ta kaf an buga tubali, kuma ba zan ɓoye ba, har katangar gidanmu akwai ƙasarta a ciki. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je yaƙin Bama a zamanin yaƙin duniya na biyu, kullum yana zaune a ƙofar gida yana son mai saurare, mu kuwa muna sauri za mu ƙwallo. Ya rasu, lambobinsa na soja suka ɓace a hannun yara, labarinsa ya bi shi kabari. Yanzu kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Tsohon da ya ji labarin Bormi daga bakin kakansa da ya gani da ido, yau saura ƙalilan ne, kuma ba za su jira mu ba.

Da za mu rabu da dattijon nan na ciro ɗan abin da ke aljihuna na miƙa masa, ya ƙi karɓa, sai da na ce na goro ne. Ya ce in da gaske muke mu dawo bayan girbi, in an kwashe kara, a lokacin ne ake ganin zagayen ganuwar sosai, zai kuma kira mana yayansa wanda ya fi shi sanin inda ƙofofin garin suke. Na riga na yi magana da iyayen ɗalibaina, kuma limamin unguwarmu ya ce da shi za a je. Bas ɗaya muka yi ciniki, kaka na yi za mu tashi daga Bajoga da sassafe in Allah ya kai mu. Malamin da ke son ya haɗa yaransa da namu ya yi mini magana tun yanzu, mu san ko mota ɗaya za ta ishe mu.